Shahon Kaka

Kwanan baya, bayan la'asar, ina zaune a inuwar ɗaki ina tsintar wake, jikana ya zo ya tura mini waya gaban ido. “Hajiya, kalli ikon Allah.” Wasu Larabawa ne a cikin rairayi da fararen riguna, ɗayansu ya ɗora shaho a hannu, an sa wa tsuntsun 'yar hula ta rufe masa ido. Ya zare hular, ya ɗaga hannu, shahon ya tashi, kafin ka ce kwabo ya kaɗo wata tsuntsuwa daga sama. Yaron ya ce, “Kin ga mutane. Mu nan in ban da danƙo ba abin da muka sani.” Na buɗe baki ke nan zan yi magana, sai surukata ta fito daga madafa tana dariya, tana ba ni labarin wani baƙon maigidanta da ya zo da rana, ya share kwanon tuwo, ko hannunsa bai bushe ba ya ce sai an jima. Ta ce, “Wallahi Hajiya, shahon Kaka ya yi mana.” Haka ake cewa a danginmu idan mutum ya ci ya ƙoshi ya kama gabansa. Ita a bakin 'ya'yana ta tsinci maganar, su kuma a bakina. Sai na sunkuyar da kai kan faifai, na ci gaba da tsintar waken da na riga na gama tsincewa, don kada su ga fuskata.

Kakan da ake faɗa mahaifin babana ne. A wani ƙauye muka tashi ta wajen Toranke, tun kafin aure ya kawo ni Gaya. Mu asalinmu Barebari ne, iyayen Kaka daga gabas suka zo, amma in ban da zanen fuskarsa da 'yan kalmomin da yakan yi idan ransa ya ɓaci ko ya yi daɗi, ba abin da ya raba mu da maƙwabta. Noma muke yi kamar kowa, gero da dawa da gyaɗa da wake. Abu guda ne ya fita daban a gidanmu. A bayan turakar Kaka, ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa, akwai wani gajeren turke da aka naɗe kansa da tsumma, a kai kuma shaho ke tsaye, da siririyar igiyar fata a ƙafafunsa da wata 'yar ƙararrawa ta jan ƙarfe wadda ba ta fi ƙwallon goruba ba. Ƙarar wannan ƙararrawa ita ce ta fara tashina da asuba, kafin zakara, kafin ladan. Idan shahon ya girgiza jiki sai ka ji ta can ƙasa-ƙasa, sannan tarin Kaka, sannan ƙarar buta, sannan daga bayan gari fakara su ɗauka gaba ɗaya kamar ana yi musu rabon gado. Yanzu da asuba abin da nake ji injin markaɗe ne da babura. Na daɗe ban ji kukan fakara ba, kuma sai da na zauna rubuta wannan na lura da hakan.

A lokacin daji daji ne. Daga bayan gonarmu har fadama, sabara ce da kalgo da geza, ga manyan kukoki tsaitsaye, kowace da sunanta. Idan aka aike mu itace, muna tafe zomo na tashi a gabanmu, zabin daji na gudu cikin ciyawa. Yau duk an share, gona ta haɗe da gona, itacen ya tafi gawayi. Shaho kuwa, rabona da ganinsa kusa tun wata ranar kasuwa da na wuce shimfiɗar mai magani, na gan shi a bushe cikin tarkacen fatu da ƙahonni, ido a lotse, an ɗaure ƙafafun da zare. Na kau da kai na yi sauri.

Kaka yakan ce farauta da tsuntsu ta girmi bindiga nesa ba kusa ba. Shi a wurin mahaifinsa ya koya, mahaifinsa kuma a wurin nasa, su kuma can gabas suka gani a hannun Larabawan da ke ratso hamada da raƙuma. Ya ce matafiyi a hamada ba shi da kare ba shi da kibiya, shaho ne ke ciyar da shi nama. Yakan kawo ayar da Allah ya halatta mana abin da horarrun dabbobi da tsuntsaye suka kamo mana, muddin an ambaci sunansa a lokacin sakinsu. Don haka bai taɓa ɗaga hannu ba tare da bisimilla ba, kuma idan shahon ya fizge da kansa ya kashe abu ba a aike shi ba, Kaka ba ya kawo wannan naman gida. Daga baya, da na je sakandare, wata malama ta nuna mana hoton sarakunan wasu ƙasashe na da, kowane da shaho a hannu, ta ce wasan manya ne a can. Na kalli hoton na ga har 'yar hular iri ɗaya ce da wadda Kaka ke ɗinkawa da fatar akuya. Ban ɗaga hannu na ce a gidanmu ma an yi ba. A lokacin abin ya riga ya zama abin dariya.

Yadda yake samun shahon ma abin kallo ne. Idan kaka ta yi, an fara yankan gero, sai ya ɗauki tattabara ya ɗaura mata zarge-zargen gashin wutsiyar doki a baya, ya kai ta fili ya koma cikin sabara ya zauna. Wani lokaci sai ya yi kwanaki yana komawa. Ranar da shaho ya faɗo ya sarƙe, sai ya lulluɓe shi da rawani ya kawo gida. Daga nan ba noma ba kasuwa. Yana ɗauke da shi a hannu bisa safar fata, yana zagaya gida, yana yi masa magana a hankali, har tsuntsun ya saba da ƙarar turmi da kukan jaki da hayaniyarmu. Da farko a hannu yake ci. Sannan a ja baya kaɗan ya tsallako. Sannan a ɗaura masa doguwar igiya a kira shi daga nesa, ana wulwula fiffiken tattabara da ɗan nama a jiki. Akwai wani kira da Kaka ke yi masa, rabi fito rabi magana, da yaren iyayensa. Ranar da aka cire doguwar igiya, ranar ce Kaka ba ya iya cin abinci. Kuma duk wahalar nan ta rani ɗaya ce. Da hadarin farko ya taso sai ya ciyar da shahon sosai, ya kwance igiyar fatar, ya cire ƙararrawar, ya kai shi inda ya kama shi ya sake. Na taɓa ce masa, “Tsoho, kai kam ba ka da wayo. Ka sha wuya ka koya masa, sannan ka yar?” Ya ce, “Amarya, ke ce ba ki da wayo, shi ya sa har yanzu ban biya sadakinki ba. Shaho aro ne. Daji ya ara mini, kuma ba a mayar da aro da igiya a ƙafa.”

Abin da matan gidanmu ba su taɓa yarda da shi ba shi ne yunwar. Shaho ba kare ba ne, ba ya bin mutum don ƙauna. Ciki ne ke dawo da shi hannu. Saboda haka Kaka auna masa abinci yake yi, kullum da safe ya sa yatsa ya shafa ƙashin ƙirjinsa ya ji ko ya yi ƙiba ko ya rame, kuma idan gobe za a fita, yau ba ya ba shi sai ɗan abin da zai riƙe rai. Kakata, wadda muke kira Iya, wannan abu na ci mata tuwo a ƙwarya. Iya mace ce da ko kyanwar maƙwabta ta shigo sai ta zuba mata. Idan ta share tsakar gida takan bar tsaba a gindin rumbu saboda kurciya. Takan ce, “Malam, ka ji tsoron Allah. Ka ɗaure bawan Allah ba ka ba shi ba, ba ka bar shi ya nema ba. Ranar gobe kiyama da bakinsa zai faɗa.” Shi kuma ya ce, “A daji ma ba kullum yake ci ba. Ke dai ki ji da awakinki, sun yi ƙiba har ba sa iya tsallake zana.” Haka suke tun kafin a haife ni, ba mai kayar da wani.

Damuwar Kaka ɗaya ce, ba shi da magaji. Babana ya kama fataucin gyaɗa, ko kallon turken ba ya yi. Saura ƙaninsa, autan Kaka, wanda muke kira Baffa. Shi yana son daji, yana da ido, yana da haƙuri, tun yana yaro shi ke bin Kaka. Sai ga shi wata shekara ya dawo daga kasuwar Gaya da bindiga harba-ka-ruga a kafaɗa. Ya ce, “Baba, abin da tsuntsunka zai kama a mako, wannan za ta kashe kafin hantsi. Kuma ba ta cin nama, ba ta fushi.” Aka kwana biyu. Sannan Kaka ya kira shi gindin ɗorawa, ina wurin ina shara, ya ce, “Wannan shahon na bana ban taɓa riƙe irinsa ba. Washegarin cika-ciki ka ajiye ƙarfen nan ka bi ni fadama. Ka tsaya ka gani da idonka. In ka gani ka ce ba ka so, na yi maka alkawari ba zan ƙara ɗaga maka maganar ba.” Baffa ya ce ya ji.

Da a tsakaninsu maganar ta tsaya, da ban zauna ina wannan rubutu ba. Amma Kaka yana da aboki, Ardon rugar da ke bayan fadamarmu, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ba sa haɗuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba. Ardo ya ji labari, ranar kasuwa ya bi rumfa-rumfa yana cewa, “Jama'a, ku zo kallo. Bawana Babarbare zai nuna wa ɗansa yadda kaza ke farauta.” Kaka ya ce, “Kai ka zo da ƙwaryarka, Bafillace, ka samu romon da za ka kai wa matarka, ta huta da tsamin nono.” Aka yi dariya. Kafin ranar ta zo, maganar ta kai har garin Balan.

Yaran yanzu sun san cika-ciki da suna kawai. A lokacinmu, idan sabuwar shekarar Musulunci ta kama aka zo Ashura, kowane gida sai an dafa abin da ya fi ƙarfin cikin mutanensa. A fito da jelar ragon layya da aka adana, a yanka kaji, a tuƙa tuwo tukunya-tukunya, a yi ta aika wa maƙwabta suna aikowa. Tsofaffi na cewa wanda bai ƙoshi a wannan dare ba, haka zai ƙare shekara da yunwa. Malamai sun ce wannan magana ba ta da tushe, yalwata wa iyali dai shi ne abin so, amma Iya ba ta san wannan bambanci ba. A wurinta, duk mai numfashi da ke cikin katangar gidanta sai cikinsa ya cika. A ranar an ƙara wa awaki harawa, jaki ya samu dusa har ya bari, kaji sun ƙi kallon tsaba. Kaka ya tafi masallaci tun la'asar, daga can aka zauna karatu. Muna tsakar gida ana figar kaji, sai ƙararrawar ta yi ƙara daga gindin ɗorawa. Iya ta tsaya da wuƙa a hannu. Ta ce, “Ku ji bawan Allah. Kowa na ƙamshin nama, shi tun jiya ba a ba shi abin kirki ba. Yau ma? A ranar nan? Wallahi ba a gidana ba.” Innata ta ce, “Iya, gobe fa za su fita.” Iya ta ce, “To da wane ƙarfin zai tashi? Ke kin taɓa ganin an tura ɗan ƙwadago gona da yunwa?”

A kunnenmu maganar gaskiya ce. Iya ta tara hanta da zuciya da wuyan kaza ɗanye a tasa, ta kai gindin turken ta ajiye. Muka bi ta, mata da yara, muka tsaya daga nesa. Shahon ya dube mu, ya dubi tasar, ya diro. Yana fizga yana haɗiya, ƙararrawar na kaɗawa, muna ta “Allah sarki, ashe yunwa yake ji.” Da ya cinye ta ƙaro masa. Sai da gaban wuyansa ya kumbura kamar an cusa masa lemo, ya koma kan turke ya ɗage ƙafa ɗaya ya lumshe ido. Iya ta ɗauke tasar ta wanke, fuskarta fal annuri, ta ce, “Yanzu na ji daɗin shekarata.”

Da gari ya waye Kaka ya je gindin ɗorawa da safarsa. Ina ɗauraye kwanuka a kusa. Na ga ya miƙa hannu, shahon ya dube shi kawai bai motsa ba. Ya sa yatsa ya taɓa wuyansa, ya shafa ƙirjin, ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Wa ya ba shi?” Iya ta fito daga ɗaki da carbi a hannu ta ce, “Ni ce, Malam. Cika-ciki ne.” Na zaci zai yi faɗa. Sai ya yi wata kalma da yarensu, ya sauke numfashi. A daidai lokacin aka yi sallama a zaure, muryar Ardo ta cika gidan. “Ina Babarbaren? Ko ya gudu? Ga mutane tun daga Balan sun zo ganin kaza!” Aka kwashe da dariya a waje, dariyar mutane masu yawa. Baffa ya shigo, hannunsa babu bindiga, ya ce, “Baba, na shirya.” Kaka ya dubi Baffa, ya dubi ƙofar zaure, ya dubi shahon. Ya ɗauke shi ya sa masa hula.

Mu 'yan mata muka ɗauki fura da gyaɗa muka bi taron, da sunan talla. An gama girbi, gonaki sun zama fili, sai kututturen kara. A bakin fadama aka jeru aka shiga kaɗa ciyawa da sanduna. Ba a jima ba fakara suka tashi, garke guda, da wannan fatar-fatar ɗin tasu mai firgita mutum. Kaka ya zare hula, na ji bisimillarsa a fili, ya ɗaga hannu. Shahon ya tashi. Wallahi ya tashi da kyau. Ya yi sama, ya zagayo, fakarun na ƙarƙashinsa, kowa ya ɗaga kai yana jiran ya naɗe fiffike ya faɗo. Sai ya wuce su kamar bai gan su ba. Ya miƙe zuwa wata babbar kuka da ke tsallaken fadama, ya sauka a reshen ƙoli, ya girgiza jiki, ya soma gyaran gashinsa.

Kaka ya ciro fiffiken tattabara ya shiga wulwulawa yana kiran nan nasa. Ya kira, ya kira. Ya taka har gindin kukar, taron na biye. Sannan Ardo ya ce, “Malam, ko a ɗauko masa tsani?” Wani ya ce, “A'a, sarki ne, sai an yi masa kiɗa.” Wani kuma, “Ai shi ma cika-ciki ya yi!” Wannan ita ta fasa taron da dariya, alhali mai maganar bai san ya faɗi gaskiya ba. Mutane suka riƙe ciki. Rana ta ɗaga, muka sayar da furarmu kaf, 'yan Balan suka fara juyawa. Tsohon nan yana tsaye a rana, rawaninsa ya warware gefe ɗaya, hannu a sama, murya ta dushe, yana kiran tsuntsun da ko leƙo shi bai yi ba. Baffa na gefe, kansa a ƙasa, yana tona ƙasa da yatsan ƙafa. Wajen azahar shahon ya buɗe fiffike ya yi gabas, igiyar fatar na reto a ƙafafunsa, muna jin ƙararrawar tana nisa har ta ɓace. Kafin mu iso gida yara sun haɗa waƙa:

Shahon Kaka ya cika ciki,
Ya hau kuka ya yi zamansa,
Kira shi, Kaka, kira shi,
Mai ƙoshi ba shi da kunne.

Har da yaran gidanmu a masu yinta, har da ni, muna tafe muna kaɗa ƙoren fura.

Iya ta ji waƙar tun daga soro. Da Kaka ya shigo ta je ta durƙusa a ƙofar turakarsa tana kuka, tana cewa ya yafe mata. Ya ce, “Tashi. Ke abinci kika bayar, Allah ya ba ki ladanki. Ni na taɓa wuyansa, na san abin da ke ciki. Da na fita na ce wa mutane yau ba za a yi ba, sai jibi, da dariyar yini ɗaya ce. Kunyar idon jama'a ta hana ni.” Sannan ya ce, “Ba tafiyar ce ta dame ni ba. Da igiya ya tafi.”

Daga ranar, kullum ya idar da sallar asuba sai ya ɗauki safa da fiffiken tattabara ya shiga daji yana bin ƙarar ƙararrawa. Yau a ce an ji ta a fadama, gobe a ce a bayan ruga. Tsoronsa kada igiyar ta sarƙe a reshe tsuntsun ya mutu a rataye. Ya kai tattabara mai zarge, shahon ya ƙi faɗowa. Dalilin ya fito ba da daɗewa ba. Tsuntsun da ya saba da ƙarar turmi da hayaniyar yara ba ya tsoron gida. Ya gano kaji sun fi fakara sauƙi. Sai ya shiga faɗawa tsakar gidajen mutane da rana tsaka, mata na ihu suna jifa, shi ko a jikinsa, ya ɗauki abin da ya ɗauka ya tashi. Kuma ba a iya cewa shirwa ce, don duk inda ya sauka ƙararrawar Kaka na shaida. Ranar nan Ardo ya zo zaure, ban taɓa jin muryarsa a ƙasa haka ba. Babu Babarbare, babu bawana. Ya ce, “Malam, matan ruga sun ƙare da kuka. Akwai wata tsohuwa, 'yan zabinta su ne duk abin da ta mallaka. Na hana yara su taɓa shi saboda kai. Amma ka duba.” Kaka ya ce, “Na gode. Haƙƙin maƙwabci ya fi tsuntsu.”

Da Ardo ya tafi, Kaka ya aika a kira Baffa. Ina jin su ta bayan zana. Ya ce, “Ɗauko ƙarfen nan naka.” Baffa ya ce, “Baba, a ƙara ko kwana biyu, wataƙila ya faɗo.” Ya ce, “Ba zai faɗo ba. Da hantsi yana zama a kukar bayan ruga. Ka matsa kusa, ba zai tashi ba, ya saba da mutum. Kada ka sa shi ya wahala.” Washegari muna shanya gyaɗa muka ji ƙarar bindigar daga nesa, sau ɗaya. Kaka na zaune gindin ɗorawa, bai ɗaga kai ba. Baffa ya dawo da shi a naɗe cikin hularsa. Kaka ya karɓa, ya kwance igiyar fatar daga ƙafafun a hankali, kamar mai gudun ya ji masa ciwo, ya cire ƙararrawar, ya ɗauki fartanya ya fita da shi shi kaɗai. An ce inda ya kama shi ya kai shi.

Ya cika alkawarinsa, bai ƙara yi wa Baffa maganar ba. Da kaka ta zagayo bai nemi tattabara ba. Turken ya daɗe a gindin ɗorawa har wata rana aka rasa itace aka cire shi. Ƙararrawar kuwa, wani daga cikinmu ya tsince ta a alkuki ya ɗaura wa wata akuya mai yawan shiga gonar mutane. Tsohon yana zaune akuyar za ta wuce tana kaɗa ta, ba wanda ya ga abin da ke cikin haka. Iya ce kaɗai. Wata rana ta kama akuyar ta yanke zaren, ban san inda ta kai ƙararrawar ba. Har ta rasu, duk cika-ciki tana ciyar da gida da dabbobi kamar yadda ta saba, amma ita kanta sai ta ce ba ta jin yunwa.

Mu kuwa muka riƙe abin dariyar. Baƙo ya ci ya tashi, shahon Kaka. Yaro ya karɓi alawa ya ƙi aike, shahon Kaka. A gabansa ma an sha faɗa, yakan yi murmushi ya ce, “Ku dai ku ci gaba.” Sana'ar da ta ratso hamada, ta bi hannun uba da ɗa har ta iso gindin ɗorawar gidanmu, abin da muka adana daga cikinta ke nan. Baffa ya yi shekaru yana harbi har dajin ya ƙare, ya sayar da bindigar ya koma kiwon kaji. Da ya tsufa na taɓa tambayarsa ko ya tuna yadda ake ɗinka hular. Ya ce, “'Yata, bar wannan maganar.”

Jikana na nan tsaye da wayarsa, yana jiran in ce wani abu. Na ce ya sake kunna mini. Da Balaraben ya ɗaga hannu na rufe ido, sai ga ta can ƙasa-ƙasa, ƙararrawa, irin ta asubar gidanmu. Na ce, “Mu ma muna da shi. Kakan kakarka ya yi.” Ya zaro ido. Surukata ta ajiye ludayi ta ce, “Hajiya, wai dama shahon gaske ne? Na zaci karin magana ce.” Na zaunar da su na ba su labarin, tun daga gashin wutsiyar doki har fartanya. Ba wanda ya yi dariya. Da na gama yaron ya matso ya ce, “To Hajiya, yaya yake kiransa? Yi mini in ji.”

Na buɗe baki. Na ji kiran nan safe da yamma shekara da shekaru, na ji shi tun safe har azahar a gindin kuka. Na laluba, na laluba, Allah ya sani na laluba. Abin da ya zo bakina, da amonsa da kowace kalma tasa, waƙar nan ce ta mai ƙoshi ba shi da kunne. Na haɗiye ta. Na ce masa ya tashi ya yi alwala, magariba ta kusa, in ya yi sallah ya sa Kaka a addu'a.